Daga Tashar Nyanya zuwa Barikin Giwa: Abin da Alƙaluman Tsare Mutane Suke Faɗa

Mutum 71 suka mutu, 124 suka jikkata. Wannan shi ne adadin da rundunar 'yan sanda ta fara bayarwa ranar Litinin, 14 ga Afrilu, 2014, bayan bam ya tashi da sassafe a tashar motar Nyanya. Manyan motocin safa 16 da ƙananan bas 24 suka ƙone, kuma adadin mamatan ya ƙaru a kwanakin da suka biyo baya. Ranar 1 ga Mayu wani bam ɗin ya sake tashi kusa da wurin, ya kashe mutum 19. Waɗanda abin ya rutsa da su maƙwabtanmu ne: ma'aikata da leburori da masu talla da 'yan kamasho daga Karu, Jikwoyi, Kurudu, Mararaba da Masaka, waɗanda ke sammako su kama layin mota don su isa cikin gari kafin cunkoso ya toshe hanyar Keffi.

Shi ya sa in ka tayar da maganar haƙƙin wanda ake zargi da ta'addanci a teburin mai shayi a Karu, amsar ba ta daɗewa. Wani zai ce, "Su da suka tayar da bam sun ji tausayin wani ne? A matse su kawai su yi bayani." Wannan fushi na gaskiya ne, wanda kuma ya ɗauki gawar ɗan uwansa daga asibitin Asokoro yana da damar yin sa. Amma an shafe shekaru ana matsewar, ana kuma tsarewa ba tare da shari'a ba, har abin ya tara alƙaluman da za a iya auna shi da su. Sai mu duba ko sun kai mu inda muke so.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Babu wani lungu a Karu da ya yi nisan kilomita 40 da kotu. Akwai kotuna a cikin Karu ɗin kanta, Babbar Kotun Tarayya kuma tafiyar mota ce ta ɗan lokaci. Kundin ya ware laifukan da hukuncinsu kisa ne daga wannan wa'adi, don haka wasu dokoki suka shigo. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta ba alƙali damar ba da umarnin ajiye mutum na kwana 14, a sabunta sau biyu idan an kawo dalili. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, bayan gyaran 2013, ta ba da kwana 90 da ake iya sabuntawa, ta 2022 kuma ta mayar da shi kwana 60. A lura da abu ɗaya da ya haɗa su duka: alƙali ne ke ba da izinin, kuma wa'adin yana da iyaka.

Azabtarwa ita ko wannan ƙofar ba a bar mata ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta ta. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 2001. A Disambar 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana azabtarwa, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, ta kuma fayyace cewa yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba uzuri ba ne, haka ma umarnin na gaba. Ta haramta wuraren tsare mutane na ɓoye. Dokar shaida ta 2011 kuma ta ce amsa laifin da aka samu ta hanyar gallazawa ba ya karɓuwa a kotu.

20,000 da 7,000

A watan Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan yadda sojoji ke tsare mutane a arewa maso gabas. Ta ce ta tattauna da mutum sama da 400, ta kuma samu takardun soja da hotunan bidiyo. Abin da ta ƙirga: aƙalla mutum 20,000, galibi samari da yara maza, aka kama tun 2009. Sama da 7,000 suka mutu a tsare tun Maris ɗin 2011. Sama da 1,200 aka kashe ba tare da shari'a ba tun Fabrairun 2012.

Daga Maris 2011 zuwa Yuni 2015 wata 51 ne. In ka raba 7,000 a kansu za ka samu kimanin mutum 137 a wata, wato fiye da mutum 4 a kowace rana. In ka ɗora shi a kan adadin farko na Nyanya, kusan Nyanya biyu ke nan a kowane wata, har tsawon shekara huɗu, a cikin ɗakunan da mabuɗinsu ke hannun hukuma. Lokutan da aka fara ƙirga kamu da mutuwa ba ɗaya ba ne, kuma dukkan adadin biyu mafi ƙaranci ne, amma ko a haka lissafin yana nuna kimanin mutum ɗaya cikin uku da aka kama bai fito da rai ba.

Yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba. Rahoton ya lissafa yunwa, ƙishirwa, cunkoson da ya sa ake yin barci bi da bi, cututtuka ba magani, fesa maganin ƙwari a ɗakin da ba iska, sai duka da ɗauri. Sunan da ya fi fitowa shi ne barikin Giwa a Maiduguri. A watan Yunin 2013 kaɗai, rahoton ya ce, gawa sama da 1,400 aka kai ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a Maiduguri daga wannan bariki. Ranar 14 ga Maris, 2014, wata guda cif kafin bam ɗin Nyanya, 'yan Boko Haram suka kai wa barikin hari suka fasa ɗakunan. Amnesty ta ce aƙalla 640 daga cikin waɗanda aka sake kamawa an kashe su nan take. A 2016 ta sake ƙirga mutum 149 da suka mutu a Giwa cikin watannin farko na shekarar, 11 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 6. Zuwa 2020 ta ce jimillar waɗanda suka mutu a tsare ta kai aƙalla 10,000. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga yara sama da 3,600 da sojoji suka tsare tsakanin Janairun 2013 da Maris ɗin 2019, 1,617 daga ciki mata ne.

Rundunar soja ta ƙaryata waɗannan alƙaluma, ta ce yunƙurin ɓata mata suna ne, kuma wajibi ne a faɗi hakan. Wajibi ne ma a tuna cewa sojojin da ke fagen daga sun yi asarar rayuka masu yawa don mu kwana lafiya. Amma hanyar rusa adadi ita ce a kawo wani adadin. A Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill don ya binciki zarge-zargen. Kwamitin ya miƙa rahotonsa, ba a kuma fitar wa jama'a ba. A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin da zai sa a yarda cewa Boko Haram da jami'an tsaron Nijeriya duk sun aikata laifukan da kotun ke da hurumi a kansu.

Alƙaluman gwamnati da kanta

Wanda bai yarda da Amnesty ba, to ga na ma'aikatar shari'a ta tarayya. A Oktoban 2017 aka fara shari'ar mutum 1,669 da ke tsare a barikin Wawa da ke Kainji, jihar Neja, wasunsu sun shekara da shekaru ba su ga fuskar alƙali ba. Zaman farko an yi shi ne a asirce, ba 'yan jarida. Sakamakonsa: an ɗaure mutum 45, an sallami 468. A zama na biyu, Fabrairun 2018, an ɗaure 205, an sallami 526.

A tsaya a nan a yi lissafi. A zaman farko, duk mutum ɗaya da aka samu da laifi, goma aka sallama. In aka haɗa zaman biyu, 250 aka ɗaure, 994 aka sallama, wato kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka kammala maganarsu babu hujjar da za ta riƙe su. Ba wata ƙungiyar waje ce ta faɗa ba, alƙalan Babbar Kotun Tarayya ne suka yanke, a kan fayilolin da gwamnati ta kawo da hannunta. Kowane ɗaya daga cikin 994 ɗin nan yana da uwa da ta daina tambaya don kada a haɗa da ita, ko mata da ba ta san matsayinta ba, ba ta yi takaba ba, ba ta kuma da miji a gida. A Borno irin waɗannan mata suka haɗu suka kafa ƙungiyar Knifar, buƙatarsu kuwa ɗaya ce: a gaya musu inda mazansu suke, a yi musu shari'a ko a sake su.

Su ma waɗanda aka ɗaure akwai magana a kansu. Human Rights Watch, wadda ta sa ido a wani zaman na 2018, ta ce wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, kuma galibin hukuncin ya dogara ne ga amsa laifi kawai. Da yawa laifinsu shi ne sayar wa 'yan ƙungiyar abinci, ko rashin kai rahoto, a ƙauyukan da babu hukumar da za a kai wa rahoton. Akwai masu babban laifi a ciki, kamar Haruna Yahaya da aka ɗaure shekara 15 kan sace 'yan matan Chibok. Amma in mutum ya shekara huɗu a ɗakin da ake fitar da gawa kullum, aka ce masa ya amsa a rage masa, amsawarsa ba ta gaya mana komai game da abin da ya aikata. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun san wannan tun da daɗewa. Imam Malik bulala ya sha a Madina saboda ya tsaya a kan cewa saki ko rantsuwar da aka tilasta wa mutum ba ta hau kansa.

Wannan ba labarin Borno ba ne kawai

Ranar 20 ga Satumba, 2013, sojoji da jami'an hukumar tsaron farin kaya ta DSS suka buɗe wuta da tsakar dare a wani kango a unguwar Apo, nan cikin Abuja, suna cewa maɓoyar Boko Haram ce. Mutum 8 suka mutu, 11 suka jikkata. Galibinsu 'yan Keke Napep ne da masu ƙananan sana'o'i daga Arewa da ke kwana a wurin don ba su da kuɗin haya. A Afrilun 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta yanke cewa babu hujjar da ta nuna 'yan Boko Haram ne, ta umarci a biya diyyar Naira miliyan 135: miliyan 10 ga iyalan kowane mamaci, miliyan 5 ga kowane mai rauni. A Yunin 2014 kuma sojoji suka tare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abia bisa irin wannan zargi, daga bisani aka saki mafi yawansu.

Duk wanda ya san Karu ya san kangwaye nawa ne ke cike da irin waɗannan samari: masu tura kurar ruwa, masu wankin takalmi, 'yan acaɓa, masu gadin gini. Babu katin shaida a aljihun da yawansu, babu lauya, babu wani babba da zai ɗaga waya dominsu. Idan aka ba jami'i damar ya kama da zato, ya ajiye ba iyaka, a kansu abin yake fara sauka.

Ina shari'ar Nyanya?

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan tsarewa ke kawowa tana cikin maganar Nyanya ɗin kanta. Aminu Sadiq Ogwuche, wanda ake zargi da hannu a shirya harin, DSS ta ce ta taɓa kama shi a 2011, ta bayar da shi beli ga mahaifinsa a 2012 bayan matsin lamba. Sai a ce, da an ci gaba da riƙe shi ai da ba a yi Nyanya ba. Ban raina wannan magana ba. Amma in akwai hujja a kansa a lokacin, watannin da ya yi a hannu sun isa a gurfanar da shi a nemi kotu ta ɗaure shi. Riƙewa ba tuhuma ita ce ta bar ƙofa a buɗe, domin mutumin da ba a tuhuma ba komai daren daɗewa sai an sake shi.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. An kama shi a Sudan, aka dawo da shi Nijeriya a Yulin 2014. A Nuwamban shekarar Mai Shari'a Adeniyi Ademola na Babbar Kotun Tarayya ya kori ƙarar, saboda masu gabatar da ita ba su mayar da hankali ba, a daidai lokacin da 'yan sanda da DSS ke ja-in-ja kan wanda zai riƙe shari'ar. An sake gurfanar da shi da wasu, shari'ar kuma ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Iyalan waɗanda suka ƙone a tashar nan suna da haƙƙin su ji alƙali ya ce wane ne ya yi, ga hujja, ga hukunci. Tsarewa ba ta ba su wannan.

Kuma kotu tana iyawa in an kawo mata aiki. Kabiru Sokoto, da aka danganta da harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011, an kama shi a farkon 2012, a Disambar 2013 Mai Shari'a Ademola ɗin dai ya yanke masa ɗaurin rai da rai a buɗaɗɗiyar kotu. Ƙasa da shekara biyu.

Darasin Amurka a taƙaice

Babu ƙasar da ta gwada wannan hanya da kuɗi da ƙwararru kamar Amurka bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Rahoton kwamitin majalisar dattawanta na Disambar 2014 ya ƙirga mutum 119 da hukumar leƙen asirinta ta CIA ta tsare a ɓoye. An azabtar da 39, aƙalla 26 kuma bisa kuskure aka riƙe su. Ɗaya daga cikinsu, Khalid Sheikh Mohammed, sau 183 aka yi masa azabar kwara ruwa a fuska. Kwamitin ya yanke cewa azabar ba ta zama ingantacciyar hanyar samun bayanan sirri ba. Wani fursuna, Ibn al-Shaykh al-Libi, da aka gallaza masa, ya ƙirƙiro alaƙa tsakanin Iraƙi da al-Qaeda, maganar ta shiga jawabin sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, Colin Powell, a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, daga baya ya janye ta, bayan an riga an afka wa Iraƙi da yaƙi. A Guantanamo kimanin mutum 780 aka tsare tun 2002, waɗanda aka yanke wa hukunci kuwa ba su kai ashirin ba.

Tsaron da ake cewa ana saya

Mu namu misalin ya fi kusa. Ranar 30 ga Yuli, 2009, aka kashe shugaban Boko Haram Mohammed Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri bayan sojoji sun miƙa shi da rai. Da an gurfanar da shi, da an ji masu ba shi kuɗi da masu daure masa gindi. Maimakon haka bidiyon gawarsa ya zama abin da magajinsa Abubakar Shekau ya yi ta jawo samari da shi.

Sai Kuje. Daren 5 ga Yuli, 2022, mayaƙan ISWAP suka fasa gidan yarin, fursunoni 879 cikin 994 suka tsere, har da 64 da ake dangantawa da Boko Haram. Gidajen yarin ƙasar nan, kimanin biyu cikin uku na mutanen da ke cikinsu masu jiran shari'a ne. Tara mai laifi da marar laifi a ɗaki guda kamar zuba ruɓaɓɓen tumatir ne a kwando ɗaya da mai kyau. Yaron da aka kamo a kasuwa bisa zato, in ya shekara uku yana kwana kusa da kwamandan gaske wanda ke raba masa abinci yana kuma gaya masa hukuma ce maƙiyiyarsa, ba yadda ya shiga zai fito ba.

Dokar ma ba ta tsayawa inda aka nufa da ita. A Agustan 2024 da wannan sashe na kwana 60 na dokar ta'addanci 'yan sanda suka samu izinin ajiye masu zanga-zangar tsadar rayuwa. Ranar 1 ga Nuwamba muka ga yara daga Kano da Kaduna, ramammu, suna faɗuwa a zauren Babbar Kotun Tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Hukuncina a kan waɗannan alƙaluma shi ne, azabtarwa da tsarewa ba shari'a zalunci ne ko da a kan mai laifi aka yi, kuma a Nijeriya sun fi faɗawa kan waɗanda kotu ta ce babu hujja a kansu. Alƙaluma uku ya kamata mu riƙa nema daga Ministan Shari'a da Hedikwatar Tsaro da DSS: mutum nawa ke tsare bisa zargin ta'addanci, a ina, tun yaushe. Sanatan Babban Birnin Tarayya da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar AMAC da Bwari suna da ikon su tambaya a zauren majalisa, sai mu masu zaɓe mu matsa musu su yi. Sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 ya wajabta wa babban majistare ya leƙa ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, shugabannin unguwanni da limamai su tambaya ko ana yi a Karu da Nyanya. In kuma naka aka kama, ka rubuta rana da sa'a da wurin da aka kai shi, ka kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama da Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, kada ka bari mako ya zagayo.